Kwalbar Ewald ta Ƙarshe

"Kym! Kada ka yi gudu da ita! Kai, Kym!"

Ina! Kafin Lorna ta rufe baki ya riga ya haye matakalar ɗakin ƙasa da tsalle, kwalbar tana rawa a hannunsa, yana haki yana dariya. Mutum da furfura a gemu, amma yau ya koma yaro. Lorna ta karɓe kwalbar ta ɗaga ta wajen hasken taga. Lakar da ta daɗe kwance a gefe ɗaya duk ta tashi, jar giyar ta dagule.

"Shi ke nan, ka gama da mu," in ji ta. "A gidan masu matsa giya aka haife ka ko a garejin mota?"

"Wallahi murna ce, Lorna. Baba ne ya ce a ɗauko. Da bakinsa!"

Ita ma murnar ce ta fito da ita daga gidanta da takalmi wari da wari. Tun tana amarya take maƙwabtaka da gidan Tiedemann, shinge ɗaya ya raba gonakin inabinsu, kuma duk wanda ke kwarin Barossa na ƙasar Ostireliya ya san labarin wannan kwalba. Ewald, baban Kym, shi ne mai gidan. Mahaifinsa ne ya matsa giyar a shekarar da aka haifi Ewald, daga itatuwan da kakansu ya dasa, kwalbar nan kaɗai ta rage. Ranar auren Ewald an ce a buɗe, ya ce ranar ba ta kai ba. Aka haifi Kym, ya ce da saura. Mijin Lorna ya mutu yana jiran kurɓin da aka yi masa alkawari. To yau da safe ma'aikaciyar jinya ta ce da wuya tsohon ya ga gobe, sai ya buɗe ido ya ce a hau da ita.

Lorna ta shiga ɗakinsa da kwalbar a ƙirji. Ewald yana kwance, ya rame ya zama ƙashi, amma idon nan na rigima yana nan.

"Ɗanka ya girgiza ta," ta ce. "Bari in tace maka da ƙyalle ka sha yanzu."

"Ƙyalle?" Muryarsa da ƙyar take fita. "Giyar ubana? Ke Lorna, tsufa bai ƙara miki hankali ba. A tsayar da ita lakar ta kwanta da kanta."

"Sai yamma fa kafin ta kwanta."

"To sai yamma."

"Kai za ka kai yamman?"

"Na jira ta tun ina cikin zanen goyo. Ajiye ta inda zan gan ta."

Ta tsayar da ita a bakin taga, ranta yana tafasa. Ta ji tsoro ƙwarai, don ta ga yadda ƙirjinsa ke ɗagawa, kuma ta san taurin kan mutanen gidan nan. Zai iya mutuwa yana kallon kwalbar bai yarda an taɓa ta ba.

Labari kuwa ya riga ya zaga. Ana tsakiyar tsinkar inabi, lokacin da ko jana'iza sai an roƙi mutane, amma sai ga motocin gona suna tsayawa a ƙofar gida, mutane suna sauka da hannuwa jawur da ruwan inabi. Mata suka kawo kek da ƙyafaffen nama. Fasto ya zo yin addu'a, aka ga ƙaramin kofi yana leƙowa daga aljihun kwat ɗinsa, aka yi ta tsokanarsa. Baranda ta cika da hayaniya, wasu na cewa giyar ta daɗe da zama tsami, wasu na rantsuwa za ta fi duk abin da suka taɓa sa wa a baki. Duk wanda ya zo wucewa ta gefen tagar sai ya ɗaga ƙafa a hankali, kada katakon ƙasa ya motsa.

Lorna dai tana ciki. Ta duba kwalba, ta duba Ewald. Da rana ta karkata numfashinsa ya fara yankewa yana dawowa, Kym ya riƙe hannunsa yana kuka.

"Baba, don Allah mu buɗe."

Ewald ya ɗaga yatsa ɗaya ya kaɗa. Sai da hasken yamma ya bi ta cikin kwalbar, giyar ta fito ja garau har ƙasa, sannan ya gyaɗa kai.

Kym ya ɗauko abin cire toshiyar bakin kwalba, Lorna ta buge masa hannu. "Toshiyar nan ta ruɓe, tana jin ƙarfe za ta marmashe a ciki. Ina awartakin kakanka?"

Aka ruga aka ciro shi daga jikin bangon ɗakin girki, aka cusa a murhu har ya yi ja. Lorna ta matse wuyan kwalbar da shi, mutane sun cika ƙofa da taga ba mai ko tari. Ta janye ƙarfen, ta shafa wa wurin gashin kaza da ta tsoma a ruwan sanyi. Ƙas! Wuyan ya cire tas, da toshiyar a cikinsa.

Baranda ta kaure da ihu. Ƙanshi ya cika ɗakin, irin na busasshen inabi da tsohon katako, har Lorna ta ji hawaye ya zubo mata. Ta tsiyaya kaɗan a kofi, Kym ya tallafo kan mahaifinsa. Ewald ya shaƙa ya daɗe. Ya kurɓa, ya juya ta a baki, kowa ya zuba masa ido.

"Yaya?" in ji Lorna. "Yi magana mana!"

Ya haɗiye. Gefen bakinsa ya motsa.

"Kun yi gaggawa," ya ce. "Da an ƙara mata shekara biyar."

Dariya ta ɓarke har waje, fasto ya dafa bango. Ewald ya tura wa Lorna kofin da bayan hannu. "Sha. Rabon mijinki ne."

Ta sha. Ba tsami ko kaɗan, taushi gare ta, ɗanɗanonta ya ƙi barin harshe. Kwalbar ta fita baranda, kowa ya sami abin jiƙa leɓe, ana ta musu a kanta. Lorna ta juyo don ta gaya wa Ewald cewa ƙarya yake yi, giyar ta kai, sai ta ga Kym ya sunkuyar da kai yana gyara masa bargo. Tsohon ya cika.

Ba ta fita ta gaya wa kowa ba tukuna, ta bar su suna dariyarsu. Ta ɗauki wuyan kwalbar da ya faɗi kan tebur, toshiyar tana nan a ciki yadda mahaifin Ewald ya danna ta, ta ajiye shi a bakin taga kusa da kofin. Sauran kurɓi ɗaya ne a gindin kofin, rana tana faɗuwa a bayan layukan inabi.