Tagullar Baba

Murjanin Auta ya soma fari ne daga kan rassansa, kamar an barbaɗa masa gari. Ba murjanin da ake ratayawa a wuya ba, mai rai ne, halittar nan ta teku da ke kama da ƙaramin itace alhali dabba ce. Bara ne Auta ta kafa tankin gilashi a falo, ta haɗa ruwan gishiri, ta zuba kifi da 'yan katantanwa, yayarta tana ta yi mata tsiya wai mutane na kiwon kaji su ci ƙwai, ita ta ɓuge da kiwon dutse.

To ga dutsen yana mutuwa, Auta kuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye. A kantin maganin da take aiki gangar jikinta ce kawai ke wurin. In ta dawo gida, ko jaka ba ta ajiyewa sai ta durƙusa gaban tankin. Ta auna gishiri, daidai yake. Ta duba zafin ruwa, lafiya lau. Ta rage hasken fitila, ta ƙara, ta sake ragewa. Ta canja ruwa har bayanta ya ƙage. Duk a banza, farin sai gangarowa yake yi. Sannan katantanwa suka fara sakin gilashi suna faɗowa, kifin kuwa ko a jikinsu.

Da ta kai kukanta wurin mai shagon da ta sayi kifin, wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa ya ɗago kai. Ya ce in katantanwa da murjani na mutuwa kifi na yawonsu, to a nemi tagulla, don kaɗan ɗinta ma guba ce gare su. Ya tambaya ko akwai wani ƙarfe da ke taɓa ruwan. Auta ta ce babu, har da ɗan zafinta. Sai da ta kai bakin titi ta tuna da gyaran da Baba ya yi mata.

Baba mai gyaran famfo ne tun kafin a haife ta. Ciwon da ya taɓa masa ɓarin jiki ya raunana hannunsa na dama, masu kiransa aiki suka daina kira, ya koma zaman kujera, magana ma sai an ja shi. Watan jiya mahaɗin roba na bututun da ke ƙarƙashin tankin ya riƙa ɗiga. Ta dawo daga aiki ta tarar ɗigar ta tsaya, Baba na zaune da gumi a goshi da wani murmushi da rabonta da shi tun kafin asibiti. Duk baƙon da ya shigo sai ya ji labarin, har da mai kawo gas.

Ta buɗe durowar ƙasan tankin ta haska da waya. Ga shi nan yana sheƙi, mahaɗin tagulla, an ɗaure shi tsaf babu ko laima.

Ta sayo na roba ta ɓoye a jaka. Ta so ta canja a sace, amma Baba ba ya fita, kuma kullum da safe sai ya shafa yatsa a ƙasan mahaɗin ya ji ko ya jiƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi. Injin tankin na ta gunji, kuma duk ruwan da ya tura ta cikin tagullar yake bi. Tsoro take ji, ba ta san wanda ta fi ji wa ba, murjanin ko tsohon.

A ƙarshe ta tsuguna kusa da kujerarsa ta faɗa masa abin da mai shagon ya ce, tana kwana-kwana.

"Ai ba jabu na sa miki ba, Auta," in ji shi. "Tagulla ce ta gaske. Na daɗe ina ɓoyonta."

"Na sani, Baba. Shi ya sa."

Ya daɗe yana kallon farin reshen. Ya tambaya ko zai farfaɗo. Ta ce wannan kam ya tafi, amma sauran suna da rai. Sai ya ce ta kashe injin ta kawo masa sifana.

Ya durƙusa da ƙyar, ya kama mahaɗin, ya ja. Bai motsa ba. Ya sake gwadawa, sifanar ta zame ta bugi katako. Ranar da ya ɗaura shi yini guda ya yi yana fama, kuma ya ɗaure shi irin ɗaurin da ba a yi don a kwance ba. Auta ta ji kamar ta ce a bar shi, murjanin ya mutu can.

Baba ya miƙa mata sifanar ba tare da ya dube ta ba.

"Hagu za ki juya," ya ce. "A hankali, kar ki ci masa baki. Aiki ne mai kyau."