Gorar da Na Saka a Ƙofar Firji

"Umma, me ya sa zoɓon kwamfuta ya fi na Hajjo zaƙi?"

Mubina ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara huɗu, tana tsaye a ƙofar falo tana lasar leɓe. Asabar ce, an idar da azahar ke nan. Hajjo, mahaifiyar mijina, tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta kwashe da dariya.

"Ji mini ja'ira! Zoɓon nawa kike kushewa? To daga yau kin daina sha, mu ga wanda zai ba ki."

Ni ban yi dariya ba. Leɓen yarinyar nake kallo, ya yi ja.

Aikina zanen leda da kwali ne. Daga ɗakina a Panshekara nake yi: masu kamfanonin biskit da sabulu na Sharada da Bompai su turo mini abin da suke so ta waya, in zana, in mayar musu. Da zafin Afrilu ya shigo, kwamfutar tebur ɗina ta fara kashe kanta. Fankokinta su yi ta gunji kamar injin markaɗe, sai kawai ɗif, aikin awa biyu ya tafi. Na yi ta kallon bidiyon masu sanyaya kwamfuta da ruwa har na ce ni ma zan iya. Na yi odar kayan: farantin jan ƙarfe da ake ɗaurawa a kan ƙwaƙwalwar injin, ɗan famfo, tanki mai kama da kofin gilashi, tiyo, da ƙaramin lagireto mai fanka uku. Ruwa ya zagaya, ya kwashe zafi daga farantin, ya kai wa lagireto, fanka ta hure shi. Shi ke nan dabarar.

Ruwan da aka haɗo da kayan ne ya tsiyaye a hanya. Mijina Musbahu, wanda ke gyaran inji a wani kamfanin fata a Challawa, ya ce ai abu ne mai sauƙi. Ya biya shagon kayan mota ya sayo galan ɗin ruwan lagireto, muka sirka shi da ruwan batir. Ja ne wur. Ranar da nake ɗura shi a tanki, Mubina ta tsaya a kaina tana ta tambaya, ni kuma hankalina yana kan mahaɗar tiyo kada ta yi yoyo. Don ta ƙyale ni na ce mata, "Zoɓon kwamfuta ne, ƙishi take ji."

Musbahu ya ɗora galan ɗin a saman wardirof, ya ce, "Aina'u, wannan guba ne fa." Na ji shi da kunnena. Amma akwai saura a kwanon da na yi sirki, kuma na san sai na riƙa ƙarawa kwana biyu yayin da iska ke fita daga tiyo. Sai na ɗauki gora ɗaya cikin na Hajjo, waɗanda take ƙulla zoɓo a ciki ana kai mata bakin ƙofar kamfani a kula, a sayar wa ma'aikata, na juye. Wata dabara kuma ta zo mini, wadda ba a bidiyo na gani ba, tawa ce ta kaina: idan ruwan ya shiga da sanyinsa, ai zai fi aiki. Na saka gorar a ƙofar firji. Ban rubuta komai a jikinta ba.

Da gudu na shiga kicin. Gorar tana ƙasa kusa da firji, murfin a gefe. Ta ragu kamar faɗin yatsa uku.

"Mubina, kin sha da yawa?"

"Kaɗan. Sau biyu."

"Yaushe?"

"Ɗazu."

Hajjo ta biyo ni. Ta dubi gorar, ta dubi firji a buɗe, ta dube ni. "Innalillahi! Miƙo manja, maza. A ɗura mata ta amayar."

Na ruga ɗaki, na taka kujera na sauko da galan ɗin. Na karanta rubutun bayansa: kada a sa wanda ya sha ya yi amai, a kai shi wurin likita nan take. Ina dawowa na tarar Hajjo ta riga ta cika cokali.

"Hajiya, ku yi haƙuri, ba za a ba ta komai ba. Asibiti za mu."

Shekara biyar ina gidan nan, ban taɓa ce mata a'a ba.

"Ke yarinya, 'ya'ya bakwai na raina. Kananzir ma sun sha. Ga ta nan a tsaye da ƙafarta, wane asibiti?"

"Ku yi haƙuri," na sake cewa. Na goya Mubina, na zura hijabi, na rungumi galan. Hajjo ta ajiye cokalin ta ɗauko mayafinta.

A cikin adaidaita sahu, tireloli sun tare hanya, direba yana ta kutsawa ta gefen kwata. Mubina ta fara dariya ba dalili, maganarta tana jan ƙafa, kanta yana lilo a ƙirjina. Na riƙa kiran sunanta da ƙarfi, a gaban surukata, ban ko tuna da wata kunyar 'yar fari ba. Na kira Musbahu, na ce, "Abban Mubina, ta sha ruwan lagireto, muna hanyar asibiti." Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta karɓi galan ta karanta, ta ce zuwa da shi da na yi ya rage musu aiki. Ta ce irin wannan ruwan yana da zaƙi, shi ya sa yara ba sa tofarwa, kuma da farko yaro kan zama kamar lafiya lau, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ƙoda ta fara gazawa. Suka ɗebi jini, suka ɗaura mata ƙarin ruwa da magani. Aka ce sai an ga fitsarinta da gwajin gobe da na jibi.

Musbahu ya iso da kayan aikinsa, ko takalmi bai sauya ba. Ya ga galan a ƙasan gado, ya dafe kai.

"Ni na kawo shi gidan. Ni da hannuna. Amma ta yaya ta hau wardirof? Kujera ta taka? Da na sani da a shago na bar shi, wallahi."

Na dubi Hajjo. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Kwana biyu na bar shi a haka. Ya ƙi cin abinci. Duk wanda ya zo dubiya, sai ya ce, "Sakacina ne, ku taya ni istigfari." Ni kuma ana ta yaba mini. Ma'aikaciyar jinya ta ce uwa mai hankali ce ta zo da galan. Yayar Musbahu ta ce Allah ya yi mini albarka da na hana manja. Ina auna fitsarin 'yata a kofi mai lamba, ina rubutawa a takarda, ina cewa a zuciyata in ta tashi zan faɗa. In kuma ba ta tashi ba? Wannan ban yarda na ƙarasa tunaninsa ba.

Ranar Litinin da hantsi Hajjo ta dawo daga gida da kunu. Ta ja ni baranda.

"Na zubar da zoɓon duka," ta ce. "Gora arba'in. Na kasa yarda da ko ɗaya. Da a cikin kular ma'aikata ta faɗa fa?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Hajjo ta ci gaba.

"Ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ba bakina ya kamata ya ji ba. Amma ɗana ne, Aina'u, kamar yadda waccan take 'yarki. Kwana biyu bai sa loma a baki ba."

Na same shi a kan benci a ƙarƙashin darbejiya. Na zauna nesa kaɗan, na faɗa masa komai: gorar, firjin, da sunan da na raɗa wa ruwan.

"Firji," ya ce. "Aina'u, ruwan da zai ɗau zafi cikin minti biyu."

"Na sani yanzu."

"Kuma kina ji ina..." Bai ƙarasa ba. Ya tashi ya shiga ɗakin. Da na bi shi, na tarar ya buɗe fulas ɗin kunun yana sha a tsaye, bayansa a wajena.

Da la'asar sakamako ya fito. Likita ta ce ƙodar ta tsira, abin da ta sha bai yi yawa ba, kuma an zo da wuri. Ranar Laraba aka sallame mu. Musbahu ya ce ya yafe, na kuma yarda da shi, amma har yau idan na ce na ajiye abu a wuri kaza, sai na ga ya je ya duba. Ba na jin haushi. Kwamfutar na zuƙe mata jan ruwan nan tas, na wanke tiyo, na jira sati uku har ruwanta na ainihi ya iso. Shi ma a akwati mai kwaɗo yake kwana.

Ke da kike karantawa, ko kai, idan za ku haɗa irin wannan a gidan da akwai yara: ruwan ya zauna a mazubinsa na asali, a kulle, kada a juye shi a gorar abin sha ko na minti ɗaya. Idan kuwa yaro ya sha, kada ganinsa yana wasa ya ruɗe ku. Ba manja, ba madara, ba a bari a ga yadda zai kwana. Ku ɗauke shi, ku ɗauki mazubin, ku tafi asibiti a lokacin.