Kiɗan Shiru

Babanmu direban babbar mota ne har ƙarfinsa ya ƙare, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka shi makaɗi ne. Shaidarsa ɗaya ce tak, wani baƙin faifan garmaho da ke cikin kwalin da kyankyasai suka ci wa gefe. A bayan kwalin an jera sunayen 'yan ƙungiyar, da mai waƙa da mai ganga da masu ƙaho. Ka duba sama ka duba ƙasa, sunan Baba ba ya ciki.

Labarin kuwa mun haddace shi tun muna ƙanana. Shi ke riƙe da jitar bes, mai kaurin muryar nan. A waƙar ƙarshe akwai wurin da shugaban ƙungiya ya ce kowa ya tsaya cak, a yi shiru, sannan a dawo tare. Baba ya ce wurin bai dace da shiru ba. Shugaba ya ce ai ƙungiyar tasa ce. Da aka zo ɗauka kowa ya tsaya, Baba ya ci gaba abinsa shi kaɗai. Lokacin da aka ba su a situdiyo ya ƙare, ba halin sakewa, sai aka bar kiɗan, aka cire sunansa, aka sallame shi.

"A wurin shirun nan," in ji Baba kullum, yana buga ƙirji, "ni ne."

Babu wanda ya taɓa ji a cikinmu, don tsohon garmahon gidan ya mutu tun ba a haife mu ba. Sai bana Yayanmu, wanda aski ne sana'arsa, ya tsinto na'urar juya faifai a kasuwar gwanjo. Ya ɗauko lasifikar shagonsa ya jona ta kai tsaye, ya tara mu a falo, har da matarsa da Kawu, ƙanin Baba.

Abin da ya fito kamar sauro ne a cikin gwangwani. Yaya ya murɗa ƙara har ƙarshe kafin muka ji ƙaho siriri da muryar mai waƙa can nesa. Muka haƙura har waƙar ƙarshe. Aka zo wurin, kowa ya tsaya, ba abin da ke tashi sai shuuu na allura. Sannan kiɗa ya dawo.

Kawu ne ya fara fashewa da dariya, yana duban Baba. "Ashe kiɗan shiru ka ƙware a kai, Yaya! Wallahi ka iya, ko kuskure ɗaya ban ji ba."

Matar Yaya ta toshe baki da mayafi. Baba kuwa kunnensa ya yi nauyi, duk siririn sauti ya daina ji. Ya karkato kai yana duban fuskokinmu.

"An zo wurin?"

"An wuce, Baba," in ji Yaya.

Baba ya miƙe ya shiga ɗaki. Daga ranar bai ƙara ba da labarin ba. Ni da na sha ƙosawa da shi, sai ga ni ina kai masa shayi ina jan hira ko zai ɗauko, ya ƙi. Kawu kuma ya liƙa masa suna, ko gaisuwa ya zo yi sai ya ce ina Mai Kiɗan Shiru. Abin ya ci min rai ƙwarai.

Ni ce auta, ɗinki nake yi, kuma duk gidan an san ba a taka ni a wuce lafiya. Ran da Yaya ya ce zai faɗaɗa ramin tsakiyar faifan ya sa masa hannun agogo ya rataye a shago, wai ya ga ana yayi, a gabansa na zare faifan daga hannunsa.

"Auta, mene ne haka? Tsoho ya yi 'yar ƙaryarsa ta samartaka, an gano, shi ke nan. Kowa ma yana yi."

"Ubanka ne maƙaryacin?"

"Ke ma kin ji da kunnenki."

"Sauro na ji. Ka je ka huda faranti ka rataye."

Na sa faifan cikin jakar da nake kai wa kwastomomi kaya, na ɗauki na'urar a ka, sai shagon Dalma. Mai gyaran rediyo ne a ƙarshen layinmu, an sa masa sunan ne don ko daga nesa ƙaurin dalma kake ji a jikinsa. Na zayyana masa komai ina huci. Bai ko ɗago kai daga rediyon da yake fama da ita ba.

"Kai tsaye ya jona?"

"Kai tsaye."

"To, ai rabin kiɗa kuka ji." Ya ajiye ƙarfen narka dalmarsa. "Masu yin faifai da gangan suke danne kaurin sauti, don in sun bar shi yadda yake, layin faifan zai yi faɗi, allura ta riƙa tsalle. Siririn kuma su ɗaga shi. Sai an bi ta wani ɗan akwati ya mayar da kowa mazauninsa, ya kuma ƙara wa sautin ƙarfi. Firiyam muke ce masa. Tsofaffin garmaho a cikinsu yake, lasifikar zamani ba ta da shi."

Ya lalubo shi daga ƙarƙashin tarin wayoyi, bai fi sabulun wanki girma ba. Ya nuna min ramukan shiga da na fita, da maɓallin zaɓar irin allura, ya ce in bar shi a gefen hagu kada in taɓa. Ga wani ɗan kusa a baya, inda ake ɗaure siririyar wayar da ke lilo a bayan na'urar, in ba haka ba lasifika ta yi ta gurnani. Sai wani maɓalli na ƙarshe.

"Wannan yana yanke can ƙasan sauti, saboda tsohon faifai da ya lanƙwashe. Naki tsoho ne, ki kunna shi."

"Ƙasan nake nema, za ka ce in yanke?"

"Can ƙasa sosai yake yankewa, bai kai ga jita ba."

"Ko ƙura ce a ƙasan, a bar min ita."

Ya yi dariya, ya miƙo hannu in ba shi faifan mu gwada. Na ƙi. An riga an ji shi sau ɗaya ba tare da mai shi ya ji ba, ba za a sake ba. Ya gwada min da wani nasa, ganga ta fito da nauyinta har cikin cikina. Ina tattara kaya ya ce, "Amma ki sani, akwatin nan ba ya ƙirƙira. Abin da ke cikin faifai yake fitarwa. In babu, babu."

Maganar nan ta bi ni har gida. Gaskiya na tsorata. In na tara mutane wurin ya sake fitowa fayau, na tozarta Baba karo na biyu, kuma da hannuna. Na zauna gaban keken ɗinki na kasa zura zare a allura. Amma da na tuna yadda ya tambaya ko an zo wurin, sai na ji gara a yi ta ta ƙare.

Washegari da hantsi na kira su duka, na ce wanda ya yi dariya ran nan dole ya zo. Yaya ya kawo lasifikar yana gunaguni wai ya bar mutane a layi. Baba ya ce ba zai fito ba.

"Ku ji abinku, Auta. Na gaji."

"Mutumin da shugaban ƙungiya bai iya tsayar da shi ba, Kawu ne zai zaunar da shi a ɗaki?"

Ya harare ni, ya jawo hularsa ya fito.

Na jona wayoyi, na kunna. Sai lasifika ta ɗauki wani gurnani, buuuu, kamar tsohon firiji.

"Yauwa!" in ji Kawu, yana duban Baba. "Ga bes ɗin nan ya fito. Sannu da aiki, Yaya!"

Na manta da siririyar wayar. Na durƙusa na naɗa ta a kusan na murɗa da farce. Gurnanin ya ɗauke ɗif, dariyar Kawu ta rage ita kaɗai a falon, ita ma ta mutu. Na ɗora allura a farkon waƙar ƙarshe.

Ƙaho ya shigo da jikinsa, ganga ta sauka da nauyi. A ƙarƙashinsu kuma ga wani abu mai kauri yana tafiya a natse, yana ɗauke da su duka. Cokalin da ke cikin kofin shayin Baba ya soma 'yar rawa. Na ga Baba ya gyara zama. Wannan kam kunnensa ya kama. Yatsun hannunsa na hagu suka fara motsi a kan gwiwa.

"Ai kowace ƙungiya tana da mai bes," in ji Yaya, amma a hankali ya faɗa.

Baba bai dube shi ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya riƙe. Mai waƙa ya ja dogon baiti, ganga ta yi wani juyi, yatsan ya sauka daidai lokacin da kowa ya tsaya cak.

Jitar ba ta tsaya ba. Ita kaɗai, ta gangara ƙasa, ta ɗan jinkirta kamar mai jiran a hana ta, ta sake hawowa ba gaggawa. Baba yana bin ta da baki, dum, dum-dum, bai saɓa ko sau ɗaya ba, shi da rabonsa da jin ta tun ba a haife ni ba. Sannan ƙungiya ta dawo ta same shi a hanya.

Hawaye suka zubo min, ban kuma share ba, so nake su gani. Matar Yaya ta sunkuyar da kai. Kawu ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

"Mayar da allurar baya, Auta," in ji Baba.

Na mayar. Yaya ya matso ya durƙusa gefen kujerar Baba.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri, ni ban san..."

Baba ya ɗaga masa hannu, idonsa a rufe, yatsunsa na tafiya a kan gwiwa.

"Yi min shiru," ya ce. "Ina kiɗa."