Gurbin Yatsan Orazbek

Tun ƙarfe tara na safe Kulash apai, wato malama Kulash, ke zaune bayan dogon tebur, ana shigo mata da yara ɗaya bayan ɗaya. Makarantar kiɗa ce ta kwana a birnin Almaty, irin wadda yaro kan shiga da shekara tara ya fito da sana'a a hannu. A ajin kobiz, gogen nan mai tsirkiya biyu ta izgar doki, gurbi ɗaya tak ya rage, masu nema kuwa goma sha huɗu. Shayinta ya huce har sau uku.

"Saura ɗaya, apai," in ji Dauren, ƙaramin malamin da ke gefenta. "Daga garin Aral take. Ba takardar malami, ba ta iya karanta rubutun kiɗa ba. Mu sallame ta da wuri, ni cikina ya fara nasa kiɗan."

"Ai tun kana ɗalibina cikinka ya fi hannunka iya kiɗa. Shigo da ita."

Yarinyar ta shigo, 'yar siririya, an yi mata kitso biyu har ya ja mata gira. Balausa sunanta. Ta warware kobiz ɗinta daga cikin tsohon bargo, baƙi ƙirin don tsufa, fatar raƙumin da ke bakinsa duk ta sha hannu. Wari ya taso, na hayaƙi da gishiri da busasshen kifi. Kulash ta ajiye alƙalami. Shekara arba'in da bakwai rabonta da wannan warin.

Yaran birni kan faɗi sunan kiɗa da shafin littafi. Ita kuwa Balausa ta miƙe tsaye, ta ɗora hannu a ƙirji kamar yadda mutanen zamanin da suke yi, domin a can Aral ba a taɓa tsirkiya sai an faɗi hannun da aka karɓo kiɗan.

"Zan kaɗa Jirgi a Yashi. Na karɓa daga hannun kakata Ulbala, ita kuma daga hannun mahaifinta, Orazbek ata, Allah ya ji ƙansa."

Dauren ya murmusa, ya jawo littafi. "Wannan ai kiɗan gargajiya ne, 'yar ƙanwata, ba shi da mai shi. Ga shi nan shafi na talatin, apai ɗin nan ce ta rubuta shi da hannunta."

Kulash ta san sunan nan. Orazbek masunci ne, shi ya ɗora mata bakan kobiz a hannu tana 'yar bakwai, tare da 'yarsa Ulbala, a zamanin da teku ke janyewa daga garinsu Aral yana barin jirage a kan yashi. Shi ya ƙirƙiro kiɗan. Igiyar komar kamun kifi ta cire masa yatsan zobe na hagu tun yana saurayi, saboda haka idan ya kai wani wuri a tsakiyar kiɗan sai ya tsaya cak, ya ja numfashi ta hanci, sannan ya sulalo da yatsan tsakiya. Ya sha gaya mata, "Kada ki cike wurin nan. Nan ruwan ya tafi." Da ta zo birni kunya ta kama ta, kada a ce ƙauyanci. Ta cike gurbin da sauti uku masu santsi, ta rubuta "na gargajiya" a sama. Ta taho ba ta nemi albarkarsa ba, kuma ba ta koma ba, har aka binne shi.

Balausa ta zauna, ta maƙale kobiz tsakanin gwiwoyi, ta jingina farce da tsirkiya. Sai ta lanƙwashe yatsan zobe ta ɓoye shi cikin tafi, lafiyayyen yatsa kuwa, ta ja baka.

Wayyo, ɗakin nan ya canza. Murya ce ta fito mai kauri, mai ƙaiƙayi, kamar tsoho na magana daga bayan ƙyaure. Kulash ta san inda ake dosa, tana ƙirga taku a zuci, tana roƙon Allah yarinyar ta wuce wurin a guje. Ina! Balausa ta tsaya cak. Cikin shirun nan ta ja numfashi ta hanci, dogo, har da 'yar shessheƙar nan ta mai shan taba, ta kuma karkatar da kai hagu, sak Orazbek. Yarinyar da aka haifa shekara ashirin bayan an rufe kabarinsa! Kulash ta waiga wajen ƙofa. Ba kowa, sai rigar sanyin Dauren a rataye.

Da aka gama suka ce Balausa ta jira a waje.

"Kunne akwai, ban musa ba," in ji Dauren yana rubutu. "Amma ta manta sauti uku, ta yi tsaye kamar akuya a gaban mota. Ga yatsa a naɗe, sai an shekara ana warware shi. Ɗan likitan nan da ya shigo na bakwai bai yi kuskure ko ɗaya ba. A ba shi."

Ya turo mata takardar. Sa hannu kawai za ta yi, shi ke nan. Yarinyar ta koma Aral da bargonta, littafi ya zauna yadda yake, an buga shi sau shida, kowane ɗalibi a ƙasar nan da shi ya tashi. Wa zai sani? Kulash ta ɗauki alƙalamin. Ta duba hannunta na hagu a kan tebur, sai ta ga yatsan zobenta ya lanƙwashe da kansa, ya shige cikin tafi.

"Ba ta manta komai ba," ta ce.

"Apai, ga shi a rubuce."

"Ni na rubuta, ni na ƙara. Sautin nan uku nawa ne, ƙarya ce na cusa. Kiɗan yana da mai shi, kuma ka ji sunansa ɗazu."

Dauren ya dubi littafin, ya dube ta. "To in hukumar makaranta ta tambaya?"

"Ka faɗa musu yadda na faɗa maka. Rubuta sunanta. Kuma kada wanda ya taɓa mata yatsan nan."

Ta fita baranda. A kan benci wata tsohuwa ce zaune da farin kallabi, tana ɓare wa Balausa dafaffen ƙwai. Ba ta tashi ba.

"Kin tsufa, Kulash."

"Ke ma ba a bar ki a baya ba, Ulbala. An ɗauke ta." Ta zauna a gefen bencin. "Mahaifinki ya bar mini wata magana?"

Ulbala ta tattara ɓawon ƙwan a tafinta, a hankali. "Shekara uku yana fita tasha duk ranar da jirgin ƙasan Almaty zai iso. Daga nan ya daina. Bai ce komai ba."

Balausa ta ɗago da baki cike. "Apai, yaushe zan riƙa zuwa wurinki?"

"Talata da Juma'a, ƙarfe goma."

Kulash ta faɗa, ta ji abin da ta faɗa. Talata da Juma'a, har shekara tara in rai ya kai, Orazbek zai riƙa shigowa ajinta ta hannun yarinyar nan ya zauna, ya kai tsakiya ya tsaya, ya ja numfashi. Kulash ta koma ciki. Warin gishirin yana nan bai fita ba. Dauren ya miƙe zai buɗe taga, ta ce ya bari.