Kin Isa Lafiya?

Auta ta danna wayarta ta ajiye a tsakiyar dogon teburin, muryar mahaifinta ta cika ɗakin taron.

"Au...ta. Kin... isa... lafiya?"

'Yan kalmomi ne, amma sai da ya yi ta kokawa da su kamar mai hawa bene da buhu a ka. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi bara, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana sanar da isowar jirage a tashar jirgin ƙasa, ana jinsa tun daga bakin titi, yau sai an kasa kunne.

Ita ce mai rubuta talla a ofishinsu, kuma abin da ta zo nuna wa kamfanin waya ke nan: tsoho ya kira 'yarsa, maganar ba ta fita sosai, amma ita ta gane. A aikinsu akan fara haɗa gwaji da duk muryar da ke kusa kafin a ɗauko 'yan wasa, shi ya sa ta roƙi Baba. Zo ka ga murna! Har sai da ya sa aka canja masa riga, wai ba a shiga aiki da kayan barci.

Babban cikin mutanen kamfanin, wani mai agogon zinariya, ya ce a sake sakawa. Ta sake. Sai ya buga teburi ya fashe da dariya, yaransa biyu suka bi shi.

"Wallahi kun iya! Ina kuka samo wannan tsohon? Ai haka magana take yankewa a layin abokan hamayyarmu, sak!" Ya share ido. "Ga yadda za a yi. A fara da shi yana wannan in-inar, a rubuta: layinsu. Sai wani mai murya tangaran ya maimaita, a rubuta: namu. Shi ke nan, gari ya ɗauka."

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, ta ji takalmin Darakta ya taka nata a ƙarƙashin teburi. Darakta dai shi ne mai ofishin, kuma kowa ya san in wannan kwangila ta kuɓuce, rabin ma'aikata gida za su nufa.

"Dabara ce mai kyau, ranka ya daɗe," in ji Darakta. "Ko ba haka ba?"

Ya dube ta. Ta gyaɗa kai. Abin da ya fi ci mata rai ke nan daga baya, ba wanda ya riƙe mata kan, da kanta ta gyaɗa.

A cikin lif, suna saukowa daga benen, ta ce wa Darakta, "Yallaɓai, mahaifina ne fa."

"Na sani. To wa zai gane shi? Murya ce kawai, ba fuska ba."

"Duk wanda ya taɓa shiga jirgi a garin nan."

"Haba ke kuwa, ba da wannan muryar suka san shi ba." Ya ga yadda ta kalle shi, ya sassauta. "Ki yi haƙuri. Akwai ƙarar fanka a wancan. Ki sake ɗauko mana mai tsabta yau."

Da yamma ta tarar da yayarta tana shanya a tsakar gida.

"Ga 'yar talla! Ki shiga, tsohonki ya ishe ni. Tun safe yake abu ɗaya, ko maganinsa sai da na yi da gaske ya sha."

Yana zaune bakin gado da rigar nan, ƙaramin madubi a hannunsa mai lafiya, yana duban leɓensa yadda likitar gashin jiki ta koya masa. Gumi ya jiƙa masa wuya.

"Sun... ji?"

"Sun ji, Baba."

"Sun... ce?"

"Sun ce a sake ɗauka."

Bai ji haushi ba, sai ma ya yi murmushi da rabin bakinsa, irin na wanda ya san aiki. Dama ya san na farkon bai yi ba. Ya ajiye madubin, ya gyara zama, ya ja numfashi tun daga ciki.

"Auta. Kin isa lafiya?"

Ta tsaya cak. Ƙarshen ya ɗan ja, amma kowace kalma ta fito da ƙafarta. Rabon da ta ji haka tun kafin asibiti. Yaya ta leƙo da jiƙaƙƙen zane a hannu tana salati.

Wayar ta yi ƙara. Saƙon Darakta ne: *Ki tabbata ya yi ta daidai yadda ya yi da farko. In ya gaji ma ya fi.*

Ta karanta, ta sake karantawa. Baba ya nuna wayar da haɓa.

"Su ne?"

"Su ne."

"To ɗauka. Kar su... jira."

Ta nemo tsohon faifan ta goge shi, ko da yake ta san abin da ke jiranta gobe a ofis. Sannan ta durƙusa gabansa ta kai wayar kusa da bakinsa.

"A hankali, Baba," ta ce. "Ka huta tukuna, sai ka yi mai kyau."