Rumfar da Ba Ta Tare Ruwa Ba

Binciken Miyanda Hamusonde bai nuna komai ba. Bishiyoyin da ta hana wa ruwa da waɗanda ta bar wa sama duk sun ƙeƙashe daidai wa daida.

Miyanda ɗaliba ce mai neman digiri na uku, 'yar ƙauyenmu a kwarin Gwembe, kudancin Zambiya. Shekara biyu da suka wuce ta dawo gida, ta zaɓi ƙananan bishiyoyin mopane sittin a gefen gonar kawunta, Ba Siakalima. Talatin ta kafa musu rumfar roba don kada ruwan sama ya taɓa su, talatin ta bar su a fili. Bambancin da zai fito tsakaninsu shi ne digirinta. Damina biyu ke nan ba a yi ruwan kirki ba.

"Kin zo ƙera fari, ga na Allah an kawo miki kyauta," in ji Ba Siakalima ranar da ya same ta tana auna ganye. "Da kin tambaye ni, da ba ki sha wahalar kafa rumfa ba."

"Kawu, bar tsokana."

"Matan bakin rijiya cewa suke rumfarki ce ta kori hadari. Na ce musu ba ta kai wannan matsayin ba."

A watan Disamba malaminta, Dakta Mwiinga, ya bugo waya daga Lusaka. Ya ce hanya ɗaya ta rage: ta yi wa bishiyoyin da ke fili ban ruwa da hannu, gwargwadon damina mai kyau, har zuwa Afrilu, ƙarshen damina a wurinmu. In sun farfaɗo, akwai abin kwatantawa. In ba haka ba, wa'adin karatunta zai ƙare babu sakamako.

"Malam, ruwan daga ina?"

"Ba ku da rijiyar burtsatse?"

"Guda ɗaya ce."

"To, ki roƙa."

Shugabar kwamitin rijiyar, Bina Choolwe, tana cikin layi da jarkarta lokacin da Miyanda ta kai mata maganar.

"Maimaita, 'yata, in ji da kyau. Itace za ki shayar?"

"Na wata huɗu ne kawai, Inna."

"Shanun kawunki rabin bokiti suke samu. Shi itacen nono zai ba mu, ko noma zai yi mana?"

Aka yi dariya a layin, ba da yawa ba. Miyanda ta fara bayanin amfanin binciken, sai layi ya matsa, Bina Choolwe ta ja jarkarta gaba. Ta ce ita kaɗai ba ta isa ta ce i ko a'a ba, kwamiti zai zauna ranar Lahadi bayan an tashi daga coci.

Bai zauna ba. Biyu daga cikin mambobinsa sun kora shanunsu zuwa garin Choma su sayar kafin shanun su mutu, ba su dawo ba tukuna.

Kullum da safe Miyanda takan kankare ɓawon bishiyoyin da ke fili da farce ta duba. Makon jiya goma sha huɗu ke da ɗanyen jiki a ƙarƙashi. Jiya tara ne. Rijiyar ta fara kawo taɓo kafin rana ta take, kuma har yanzu ba a sa wata ranar zaman ba.