Alfarmar Baba Mai Inji

"Ɗaga mini filon nan," in ji Baba Mai Inji. "Ba a gai da mutane a kwance."

Na ɗaga. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin yana bin ofis-ofis yana gyaran injin kwafin takardu, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Kwanansa tara a asibiti, sai ranar na leƙo, lemo a leda, takardun neman aiki a hammata.

Ya dubi takardun, ya yi murmushi. "Dubiya ce, ko an zo da aiki?"

"Duka biyun, Baba."

Na faɗi sunan kamfanin. Matarsa, da muke kira Inna, ta miƙo masa waya ba ta kalle ni ba. Ya kira manajan. Sai da ya tambayi ƙafar mahaifiyarsa da jarrabawar 'yarsa, yana tsayawa yana jan numfashi, sannan ya ce, "Ɗana zai zo. Ka duba shi da kyau, in bai iya ba ka koro mini shi."

Da ya ajiye wayar ya ce, "Zauna mana, ka ɓare mini lemon nan."

"Baba, kada a tashi daga ofis. Gobe zan dawo."

"To, Allah ya kai mu."

Washegari aka ce in fara aiki. Na ce a raina sai Asabar zan koma asibiti. Ranar Alhamis da hantsi Baba ya cika.

A zaman makoki titinmu ya cushe: masinjoji, masu shara, akawuna, da motocin da ba su taɓa shigowa unguwar ba. Manajan ya zauna kusa da ni a tabarma.

"Ka san duk wata sai ya leƙo ni, ko inji lafiya lau yake?" ya ce. "Shekara ashirin bai taɓa roƙona komai ba, sai a kanka. Lallai kana kula da shi."

Na sunkuyar da kai.

Bayan mutane sun watse na shiga yi wa Inna gaisuwa. Ta amsa a hankali. Ta wanke rigar aikinsa ta shanya a igiya. Ƙananan kusoshin da ta zazzage daga aljihun suna cikin murfin kwano a bakin taga, ruwa na ɗiga daga hannun rigar.